Sawu a Rumfar Zaɓe

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in mayar muku da abinku. Wannan ba irin wadda ake cewa ta zo mu ji ta ba ce, don ba wanda ya ƙaga ta. A gidanmu aka yi ta, a kan idona, kuma har yau in na sunkuya da tsintsiya da safe sai ta faɗo mini a rai.

Ina goyon ɗana na biyu ke nan, muna zaune a wani ɗan ƙauye na wajen Ɗantutture, cikin ƙasar Kurfi. Kakanku da ƙanensa gandu ɗaya suke tun rasuwar mahaifinsu. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Ni da faccalata, matar ƙanen, muke karɓa-karɓar girki, yau ni gobe ita. Suna da wata 'yar fadama a bakin rafi inda suke yin albasa da rake da rani, ita ke riƙe gidan in hatsi ya ja baya. Ƙanen nan kuwa abokin wasana ne na gaske, ba ya shigowa gida bai tsokane ni ba. Ya ce, "Matar yaya, yau ma ƙanzo za mu ci?" In ce, "Mijin ajiya, ranar da ka ɗauki dami ba ka yi nishi ba, ranar za ka ci tuwon kirki." Kakanku ba mai yawan dariya ba ne, amma in ya ji mu sai ka ga gemunsa na motsi.

Shi kakanku dogo ne, mai shiru, mai riƙo in an ɓata masa. Tun yana saurayi gatari ya kuɓuce masa wajen saran itace, ya cire masa ƙananan yatsun ƙafar hagu. Ya warke, sai dai yana taka ƙafar a karkace. Mu da muka saba, ba ma ko lura.

A Dutsin-Ma akwai wani attajiri da muke kira mai sikeli. Wakilin wani kamfani ne da ke sayen gyaɗa da auduga. Sikelin na kamfani ne, babbar motar da ke kwasar buhuna ta kamfani ce, amma bakin da ke cewa wannan gyaɗa ta yi, waccan ba ta yi ba, nasa ne. Duk wanda ya noma gyaɗa a yankinmu sai ya durƙusa gabansa da kaka.

To, dab da a ba mu mulkin kai, sai aka ce za a yi zaɓe sabon salo. Da can taruwa maza ke yi a ƙofar mai unguwa, a ce wa kuke so, kowa na kallon bakin kowa. Wannan karon mai shela ya zagaya yana cewa na asiri ne. Za a kafa rumfa a rufe ta ruf, a jera akwatuna a ciki, kowane ɗan takara da nasa, da alamarsa a jiki. A ba ka 'yar takarda, a shafa maka tawada a yatsa, ka shiga kai kaɗai, ka jefa inda ranka ya so. Daga kai sai Mahaliccinka. Mu mata ba a sa mu ciki ba, aka ce ba lamarinmu ba ne. Muka ce to, muka ci gaba da dakanmu.

Hukuma ta aiko wani ma'aikacinta ya kula da zaɓen yankinmu, malamin zaɓe ake ce masa. Na hango shi daga nesa, siriri, da farar riga da agogo, yana tsaye a gaban motar kamfani ana sauke zana da itatuwa da akwatuna. Ban kawo komai a raina ba. Motar da muka sani ke nan a duk yankin, in ba ita ba wace za ta kawo?

Ran zaɓe kakanku ya dawo da tawada a yatsa, ya ci tuwo ya yi ƙari, har ya ɗauki yaron ya yi masa wasa. Ban tambaye shi ba, bai gaya mini ba.

Ba a jima ba suka kai gyaɗa sikeli. Gyaɗar da ni na shanya ta da hannuna, wadda in ka girgiza take ƙara kamar caki, yaron mai sikeli ya tsoma hannu ya ce ba ta bushe ba. Aka dawo da ita gida aka sake shanyawa, aka mayar, aka ce da ƙasa a ciki. Ta maƙwabtanmu, wadda ba ta kai tamu ba, ta wuce. Muna cikin wannan sai mai unguwa ya aiko a kira kakanku. Ya ce masa fadamar nan dama aro ce aka ba mahaifinsu, yanzu ana bukatarta. Kakanku ya ce, "Ranka ya daɗe, laifin me na yi?" Mai unguwa bai ko dube shi ba, ya ce, "Mutumin da ya wuce akwatin farko, ya wuce na tsakiya, ya tafi har ƙurya wajen na ƙarshe, ai ya nuna yana da ƙafar tafiya. Sai ya tafi gaba ya nemi fadama."

Ina tankaɗe ya shigo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya tsaya a tsakar gida ya kira ƙanensa da sunansa na yanka, abin da bai taɓa yi a gabanmu ba.

Ya ce, "Wa na gaya wa akwatin da zan jefa, in ba kai ba? Ranar da muke roron gyaɗa, daga ni sai kai, ko tsuntsu babu."

Ƙanen ya ce, "Ni ka gaya wa, yaya."

"To a bakin wa mai unguwa ya ji?"

"Wallahi ba a bakina ba. A kai ni masallaci, a ɗauko Alƙur'ani."

Kakanku ya ce, "Ba zan sa ɗan uwana ya dafa Littafi a kan ƙarya ba, ya mutu a ce ni na kashe shi. Riƙe rantsuwarka. Me aka ce za a ba ka?"

Faccalata ta saki ludayi ta shige ɗaki. Ni kuwa na ce, "Malam, a yi haƙuri a bincika," ya ce in yi masa shiru, maganar maza ce.

Kafin mako ya zagayo an raba hatsin rumbu. Kakanku da kansa ya kafa zana a tsakiyar gidan, tun daga zaure har bayan ɗakuna. Tukunya ta zama biyu. Ina jin tarin faccalata, tana jin kukan yarona, amma ko gishiri za mu ba juna sai mun saci ido mu miƙa ta saman zana. Ƙanen ya daina tsokanata. In mun haɗu a hanyar rijiya sai ya ce, "Ina kwana, yaya," kamar baƙo. Wannan gaisuwar ta fi mini zagi ciwo.

Da rani ya tsaya, surukansa na Karofi suka ce ya zo, akwai gonar da za su ba shi. Ranar da suke ɗaure kaya faccalata ta kamo hannuna ta bayan ɗaki, tana kuka, ta ce, "Ya ce in yaya ya taka da ƙafarsa ya zo kafin ruwan shuka, zai dawo, ba sai an ba shi haƙuri ba. Amma in ya zuba iri a ƙasar Karofi, shi ke nan, ya zama ɗan can."

Tun daga ranar na sa a raina sai na gano inda maganar ta fita. Na san mijin ajiyata. Mutumin da in ya saci ƙuli-ƙulina ɗaya sai dariya ta tona shi, ba shi zai sayar da wansa ba. Amma sanina ba zai kai kakanku Karofi ba. Sai na zo masa da abin da zai gani.

Na fara da shi. Na ce, "Malam, wai rumfar nan yaya take a ciki?" Ya ce, "Ina ruwanki?" Sai na koma wajen wani dattijo maƙwabcinmu, mai son hira, wanda ke zuwa sayen ƙuli-ƙuli ya zauna ya cinye a nan. Na ce, "Baba, ko dai zanan rumfar nan yana da ɓula, ana leƙen mutane?"

Ya ce, "Ɓula? Ke 'yar nan, zana ne riɓi biyu, ko allura ba ta wucewa. Na duba da kaina, don ni ma ban yarda da su ba. Sama a rufe, gefe a rufe. Wuri tsaf kamar ɗakin amarya. Sun malala rairayi mai laushi, sun yayyafa ruwa, sanyi har cikin tafin ƙafa. Da sun bar ni da na yi ƙailula a ciki."

Na ce, "Tafin ƙafa? Ba ku da takalma?"

Ya ce, "Kin ji ki! Mai unguwa na zaune a bakin ƙofa, ga malamin hukuma a kan kujera, sai in ratsa gabansu da takalmi? Uwata ba ta haife ni haka ba. Kowa a waje ya tuɓe nasa."

Na yi dariya, na ƙara masa ƙuli ɗaya. Ban gane komai ba a lokacin. Na dai cire maganar ɓula daga raina.

Gyaɗar da sikeli ya ƙi, ni na zauna na soya ta, na matse mai, na yi ƙuli-ƙuli. Mu matan ƙauye ba a kulle mu ba a wancan zamani, sai na riƙa bin ayarin mata zuwa kasuwar Dutsin-Ma. Akwai wani mai jakuna da ke ɗaukar mana tuluna, mutum ne mai mita, tun daga ƙauye har kasuwa bakinsa ba ya hutawa. Ran nan muna tsallaka rafi ya nuna wani rami a gaɓa, ya ce, "Kun ga nan? Nan jakunana suka kusa mutuwa saboda mai sikeli. Wai rairayin rumfar zaɓe. Na kai na farko ya ce da tsakuwa, sai an tankaɗe. Tankaɗe fa, kamar garin tuwo! Ni tunda nake ban taɓa ganin an tankaɗe ƙasa don maza su taka ba."

Na ce, "Me ya haɗa mai sikeli da rumfar zaɓe? Ba ta hukuma ba ce?"

Ya ce, "Hukuma ta ba shi kwangila mana. Zana nasa, itace nasa, tabarmin da manya suka zauna nasa, abincin da suka ci daga gidansa, motar da ta kai akwatuna ta dawo da su ta kamfaninsa. Hukuma takarda kawai ta kawo da tawada."

Na ci gaba da tafiya, tulu a kai, yaro a baya. Wani abu na yi mini yawo a zuciya amma na kasa kama shi.

A Dutsin-Ma ina da ƙawa, tare muka tashi, ta yi aure a can. Kitso take yi, kuma ita ke yi wa matan gidan mai sikeli. Da na sayar da maina na biya wajenta, na ce ta gyara mini kai. Ta kwance kitson tana tsaki, ta ce, "Wannan kai ko gonar da aka yi wa gayya aka gudu? Mutanen ƙauye dai!" Na ce, "Ke kuma 'yar birni, har yanzu da kaushin Ɗantutture a ƙafarki." Muka yi dariya. Sai na sako maganar a hankali, na ce na ji mai sikeli ya sha hidima lokacin zaɓe.

Ta ce, "Hidima kai! Ai surukinsa ne malamin zaɓen, ƙanwar mai sikeli yake aure, uwa ɗaya uba ɗaya. A gidan ya sauka, a gidan ya ci ya sha har aka gama. Matan gidan har sun gaji da fige kaji. Abin da ya ba su haushi ma, har mai shara sai da aka yanka wa kaza."

Na ce, "Wane mai shara?"

"Mai sharar rumfa mana. In mutum ya fito, shi ke shiga ya gyara wuri kafin wani ya shiga, wai don tsabta. Na wajenku ai tsohon nan ne mai bin sawu. Uwargidan ta ce ita ba ta taɓa ganin mai shara da aka ɗinka wa sabuwar riga ba."

Ta ja mini gashi ta ce in daina motsi.

Na san tsohon nan, duk yankinmu an san shi. In an sace sa ko an fasa rumbu, shi ake kira ya bi sawun ɓarawo. Wata shekara da aka sace akuyar maƙwabta, ina nan ya tsuguna a bakin rijiya, ya riƙa nuna ƙasa yana cewa wance ta zo ɗiban ruwa, wane ya biyo da jaki, wannan na yaron gidan wane ne. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Mutumin da ya san ƙafar kowa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, shi aka ba tsintsiya. Aka shimfiɗa masa rairayi tankaɗaɗɗe, aka yayyafa ruwa don ya kama sawu, maza suka tuɓe takalma don ladabi. Ba sai ya tsaya tunanin wa ya shiga ba ma, yana ganin mai fitowa. Abin da zai duba kawai, ina sawun ya nufa, a gaban wane akwati ya tsaya. Ƙafar kakanku kuwa, ko yaro ya gan ta a ƙasa ya san mai ita.

Ban san yadda na iso gida ba. Amma ban yi magana ranar ba, don na san in na ce mai kitso ta ce, mai jaki ya ce, kakanku zai ce hirar mata ce.

Washegari da sassafe, yana masallaci, na share tsakar gida tas har ɓangaren da ƙanen ya bari, na yayyafa ruwa. Na ɗauki tulu na tafi rijiya, na daɗe da gangan. Da na dawo yana zaune a kan buzu yana jan carbi. Na sauke tulu, na durƙusa, na ce, "Malam, in gaya maka inda ka je bayan fitata?"

Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Ka je rumbu, ka leƙa. Ka je wajen tunkiya. Daga nan ka zagaya ta bayan zana, ka je ƙofar ɗakin ƙanenka. Ka daɗe a tsaye a wurin, har ka gyara tsayuwa. Ba ka shiga ba, ka juyo."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya ce, "Wa ke leƙena a gidana?"

Na ce, "Ba kowa. Tashi ka gani."

Na nuna masa ƙasa. Ga sawunsa nan ɓaro-ɓaro, dama cikakkiya, hagu a karkace ba ƙananan yatsu, ya tafi har ƙofar ɗakin da ba kowa ya dawo. Sannan na gaya masa na rairayi, da na mai jakuna, da wanda aka ba tsintsiya, da gidan da malamin zaɓe ya sauka, da wadda yake aure. Bai katse ni ba. Da na gama ya tsuguna ya sa tafin hannu a kan sawun nasa, kamar mai son rufe shi. Can ya ce, "Da ƙafata ke nan na kai ƙarar kaina."

Na ce, "Malam, ka tafi Karofi yau. Gabas ta fara haɗa hadari."

Ya ce, "Da wace fuska? In je masa hannu sake, bayan na ce ya sayar da ni? Bari in karɓo fadamar mahaifinmu tukuna, in je masa da ita." An ce wani babba zai zo daga sama ya ji koke-koken zaɓe a Dutsin-Ma, shi yake so ya jira. Na roƙe shi, na ce fadama ba ta tafiya ko'ina, ɗan uwa ne ke tafiya. Ya ce na yi nawa, in bar masa nasa.

Babban ya zo. A motar kamfani aka ɗauko shi, a gidan mai sikeli aka sauke shi, don nan ne gidan da ke da ɗakin baƙi mai kyau. Da aka zauna sauraron kuka, wanda ke tsaye kusa da kujerarsa yana shigo da mutane, yana yi masa bayani, malamin zaɓe ne. Kakanku ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya sani. Ya ce mini babban ya saurara da kyau, ba mugun mutum ba ne a fuska. Babban ya sa aka kawo zanan rumfar daga ɗakin ajiyar mai sikeli, ya ɗaga shi a rana, ya duba, ya ce ba ɓula. Sai malamin zaɓe ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambaye shi, akwai dokar da ta hana shara? A tambaye shi kuma, wa ya ce ya tuɓe takalminsa?" Aka tambaye shi. Kakanku ba ya ƙarya, ya ce ba wanda ya ce. Mutane suka yi dariya. Babban ya ce shi a duk inda ya zagaya bai ga rumfa mai tsabtar ta yankinmu ba, ya yaba wa ɗan kwangilar. Maganar fadama kuwa, ya ce wannan tsakanin mutum da mai unguwarsa ne.

Kakanku ya dawo ba fadama. Abin da ya ƙaru kawai, da can zato ake a gari, yanzu kowa ya ji daga bakinsa akwatin da ya jefa.

Yana hanyar dawowa ruwa ya sauka, irin mai ƙarfin nan da ke cika kwari. Na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallonsa yana zuba, ban taɓa baƙin cikin ruwan fari ba sai ranar. Kakanku ya shigo a jiƙe, bai zauna ba, ya ce in ba shi busasshiyar riga, Karofi zai tafi. Rafi ya hana shi wucewa sai da ruwan ya janye. Da ya isa Karofi ya tarar da ƙanensa a gona, shi yana sara da sungumi, faccalata na biye tana zuba iri tana takewa. Sun kusa kai ƙarshen gonar.

Faccalata ce ta ba ni labarin daga baya. Ta ce ƙanen ya jefar da sungumi ya rugo ya tari wansa, ya durƙusa ya gaishe shi. Kakanku ya ce, "Na zalunce ka." Ƙanen ya ce, "Haba yaya, na yafe tun kafin in bar gida." Ya kai shi masauki, ya sa aka yanka masa zakara. Da kakanku ya ce to su koma gida, sai ƙanen ya dubi gonar, ya ce, "Mutanen nan sun ba ni ƙasa ranar da ba ni da ta tsayawa. Na zuba iri. In na tafi na bar ta, me zan ce musu?" Kakanku ya san gaskiya ce. Ya kwana, da safe ya karɓi sungumin ya taya su ƙarasa shukar, ya juyo shi kaɗai.

Da ya dawo ya cire zanan tsakar gida, ya naɗe, ya jingine a zaure. Gidan ya koma ɗaya, amma ba wanda za a raba shi da shi.

Da wani zaɓen ya zagayo, malamin nan ne dai aka sake aikowa, motar nan ce ta kawo kaya, rairayin ma an tankaɗe. Kakanku ya ratsa gaban mai unguwa da takalmansa a ƙafa, ana ta salati ana cewa ya fitsare. Ya shiga, ya je gaban kowane akwati ya tsaya, ya zagaya ya sake zagayawa, ya tattake wurin kamar masussuka. Wasu da suka ji labarin suka yi yadda ya yi. Da yawa kuwa suka tuɓe nasu kamar kullum, suka ce su ba za su iya wuce babba da takalmi ba, ko me za a gani a gani. Inda ya jefa a wannan karon bai gaya wa kowa ba. Ni ma da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, har ya koma ga Allah ban sani ba.

Mai sikeli ya ƙara arziki, ya sayi motar kansa, ya je Makka ya dawo, ya mutu a kan gadonsa ana yi masa fifita. Malamin zaɓe aka ƙara masa girma aka mayar da shi birni, bayan sojoji sun karɓi mulki ban sake jin ɗuriyarsa ba. Tsohon mai bin sawu idonsa ya mutu a ƙarshe, na sha ganinsa a bakin kasuwa zaune a rana, mutane na wucewa ta gabansa bai san ƙafar kowa ba. Mai unguwa ya ba ɗan 'yar uwarsa fadamar, har yau tana hannun jikokinsu. Ƙawata mai kitso ta rasu wajen haihuwa, ba ta taɓa sanin abin da ta gaya mini ba.

Faccalata ta tsufa a Karofi, 'ya'yanta da jikokinta duk 'yan can ne, wasunku ma ba ku san su ba in kun haɗu a hanya. Mijin ajiyata yana zuwa mana da salla, ya gaida wansa da ladabi, ya ci abinci, ya koma kafin la'asar. Bai sake ce mini na ƙona tuwo ba. Shi ya riga rasuwa. Kakanku ya je ya yi masa wanka da hannunsa, ya dawo ya ci gaba da noma gonar gandu shi kaɗai har ƙarfinsa ya ƙare. Ɗakin ƙanen bai bari an rushe ba, bai kuma bari kowa ya shiga ba, duk shekara sai ya sake masa jinka.

Ni kuwa ga ni nan, na ga zamanin da aka ce mata ma su fito su jefa. Na je, da takalmana a ƙafa. Ga kunnuwanku nan, na mayar muku.